Kwalliya Ko Gyara: Lissafin Kuɗin Tiyata Bayan Haihuwa

Wayar hannu ta kawo wa mutanen Sabon Birni da Isa tallace-tallacen da kakanninsu ba su taɓa jin labarinsu ba. Daga cikinsu akwai na wata tiyata da ake yi wa mace bayan haihuwa domin a mayar mata da surarta ta 'yanmatanci. Akan nuna hotonta kafin aiki da bayansa, a rubuta lambar waya a ƙasa, amma ba kasafai ake bayyana jimillar kuɗin da haɗarin aikin ba. Tun da yake ɗaliban sakandare na yau su ne iyayen gobe, kuma daga cikinsu ne likitoci da ungozomomi za su fito, ya dace a yi musu wannan lissafi a fili.

Da farko, me juna biyu ke yi wa jikin mace? Mahaifa, wadda nauyinta bai kai giram 100 ba kafin ɗaukar ciki, takan kai kusan kilo 1 lokacin haihuwa, sa'annan ta koma ƙanƙanuwa cikin mako 6, wato kusan daidai da kwana arba'in na jego. Akwai tsoka guda biyu da suka sauko daga haƙarƙari zuwa ƙasan mara, waɗanda nauyin ciki kan raba tsakaninsu. Fata kuma takan miƙe har nankarwa ta fito. A jikin mata da yawa ratar tsokar nan tana raguwa da kanta cikin watannin da ke biyo bayan haihuwa, nankarwa kuwa ta dushe ko da ba ta ɓace ba. Waɗannan alamu ne na aikin da jiki ya yi, kuma a mafi yawan lokuta ba sa bukatar wuƙa.

Tiyatar da ake tallar ta haɗa aiki uku a zama ɗaya: yanke fatar ciki da ta saki tare da ɗinke tsokar, ɗaga mama, da zuƙe kitse. A Amurka, inda ta fi yaɗuwa, kuɗinta yakan haura dala 10,000 idan aka haɗa ladan likitan fiɗa, da na mai ba da maganin sa barci, da ɗakin tiyata, da magunguna. A canjin shekarar 2025, da dala ɗaya take kusan naira 1,500, wannan ya kai naira miliyan 15. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka tsayar a 2024, sai ya yi kusan shekara 18 yana tarawa ba tare da ya sayi ko tiya ɗaya ta gero ba. Ban da wannan akwai kuɗin jirgi da masauki ga masu zuwa Legas ko Turkiyya, da makonnin jinya, da kuɗin sake aiki idan na farko bai yi kyau ba. Inshorar lafiya ba ta biyan aikin ado.

Haɗarin ma yana da nasa lissafi. Gwargwadon tsawon lokacin da mutum ya yi a sume a kan gadon tiyata, gwargwadon yiwuwar zubar jini da daskarewarsa a jijiyoyin ƙafa, inda gudan jinin kan iya ɓallewa ya toshe huhu. Dukiya ba ta kare mutum daga wannan. A watan Oktoba na 2005 Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, ta rasu a ƙasar Sifen bayan tiyatar kwaskwarima. Bugu da ƙari, likitoci kan shawarci mace ta jinkirta aikin har ta gama haihuwa gaba ɗaya, domin wani sabon ciki zai iya warware ɗinkin. A ƙasar da mace kan haifi 'ya'ya shida ko bakwai, wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya nuna cewa ba don matan karkarar Gobir aka tsara hajar ba.

Ba a nufin cewa ilimin gyaran jiki abin ƙi ne. Da irinsa ne likitoci ke sake gina fuskokin yara a Asibitin Noma na Sakkwato tun 1999. Macen da cibiyarta ta ɓullo bayan haihuwa ita ma tana da haƙƙin a yi mata aiki. Tambayar ita ce: wace tiyata ce matan Sabon Birni da Isa suka fi bukata bayan haihuwa, kuma me ke hana su samunta?

Amsar tana cikin wata lalura da kowane ƙauye ya san ta, ko da ba a son ambatonta, wato yoyon fitsari. Idan naƙuda ta yi tsawo har kwana biyu ko uku, kan jariri yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai. Wani lokaci jijiyar ƙafa ta taɓu, mace ta riƙa jan ƙafa. Yankan gishiri da wanzami ko ungozoma kan yi da aska shi ma yana huda mafitsara. Abin da ke biyo baya sananne ne: wari, da keɓewa, da yaji ko saki.

Wannan lalura tana gyaruwa. Tun farkon shekarun 1980 likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya soma ɗinke ta a Babbar Ruga ta Katsina, ya yi wa dubban mata aiki, ya kuma horar da likitocin gida. A Sakkwato akwai sashen wannan aiki a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. A Danja, kusa da Maraɗi, an buɗe wata cibiya a 2012, kuma Maraɗi ta fi Sakkwato kusa da mutumin Sabon Birni. Mafi yawan ramukan da ba su yi muni ba suna rufuwa a aikin farko, wasu ƙanana ma kan warke da robar fitsari kaɗai idan an sa ta da wuri. Ƙungiyoyin da ke ɗaukar nauyin aikin suna ƙiyasta kuɗinsa a kan kimanin dala 600. Ke nan kuɗin kwalliyar mace ɗaya a Amurka zai mayar da mata 16 cikin jama'a.

Sau da yawa ma kyauta ake yin aikin, kuma a 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗaukar nauyinsa, tare da na tiyatar fitar da jariri ga mata marasa galihu. To, ina tsadar take? Tana kan hanya. Akwai kuɗin mota zuwa birni ga mai lalura da mai jinyarta, da abincin makonni, da gonar da za a bari. Da damina gulbi kan cika ya raba ƙauyuka da titi. Tun wajen 2019 kuma 'yan bindiga suka mai da tafiyar dare a wannan yanki abin tsoro, ga shi naƙuda ba ta zaɓen lokaci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 16 cikin 100 kacal na haihuwar da ake yi a Arewa maso Yamma ne ake yi a asibiti.

Saboda haka duk kuɗin da iyali ko hukuma za su ware domin jikin mace bayan haihuwa, ya kamata su fara da abin da zai kai ta ɗakin tiyata kafin naƙuda ta wuce kwana ɗaya. Magidanci ya ajiye kuɗin mota tun ciki yana wata bakwai, ya kuma bar izinin tafiya asibiti ko ba ya gida. Yarinyar da ta je goyon ciki a ƙauye mai nisa, gara a matso da ita kusa da asibiti idan watanta ya tsaya, kada kunyar haihuwar fari ta sa ta ɓoye ciwo. Ƙananan hukumomin biyu su tabbatar da jini da wutar lantarki da likita a manyan asibitocinsu, domin sanarwar aiki kyauta ba ta da amfani ga macen da ba ta tarar da mai yi ba.

Malamin kimiyya kuwa yana da nasa rabo. Idan ya zo darasin haihuwa, ya zana ƙashin ƙugu a allo, ya nuna wa ɗalibai dalilin da ya sa yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba ta fi shiga haɗari, ya kuma fahimtar da su cewa yoyon fitsari ba sammu ba ne, rauni ne mai magani. Ɗalibar da ta gane wannan za ta faɗa wa yayarta, watakila ma ta zama ungozomar da garinsu ya rasa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, a nan kuwa ya fi shi araha nesa ba kusa ba.