SHARHI: Idan Zaɓe Ya Yi Kunnen Doki, Wa Ke Biyan Kuɗin Kafa Gwamnati?

Karmo, Abuja — A watan Fabrairun 2024 ne wasu 'yan Majalisar Wakilai su 60 suka gabatar da ƙudurin neman a komo da ƙasar nan kan tsarin mulkin firayim minista, irin wanda aka yi amfani da shi a Jamhuriya ta Farko. Kafin wannan kuma, an sha kai wa Majalisar Tarayya buƙatar a gyara tsarin mulkin 1999 domin a ƙyale 'yan takara masu zaman kansu, waɗanda aka fi sani da 'yan indifenda, su tsaya zaɓe ba tare da tutar wata jam'iyya ba. Kowane ɗaya daga cikin batutuwan nan yana da magoya baya masu hujja. Amma idan aka haɗa su wuri guda, abin da za su haifar shi ne ranar da za a wayi gari babu jam'iyyar da ke da rinjaye, ya kasance mutum uku ko biyar ne za su faɗi wanda zai kafa gwamnati.

Ɗan kasuwar da ke Karmo ba zai ce wannan rigimar 'yan siyasa ce ba ruwansa ba. Yankin Babban Birnin Tarayya ba shi da majalisar dokoki ta kansa. Majalisar Tarayya ce ke yi masa doka, ita ce kuma ke amincewa da kasafin kuɗinsa. Ciniki a kasuwar Karmo, daga na masu gwanjo har zuwa na masu hatsi da kayan gini, ya ta'allaƙa ne a kan albashin ma'aikata da kuɗin 'yan kwangila. Duk ranar da majalisar ta cije, to a teburin mai kaya za a fara gani.

Ƙasar nan ta taɓa shiga irin wannan hali, kuma a lokacin da ya fi kowane haɗari. A zaɓen tarayya na ranar 12 ga Disamban 1959, wanda aka yi domin fid da gwamnatin da za ta karɓi mulkin kai, kujeru 312 aka yi takara a kansu: 174 a Arewa, 73 a Gabas, 62 a Yamma, 3 a Ikko. Wato duk mai son kafa gwamnati sai ya tara 157. Jam'iyyar NPC ta su Sardaunan Sakkwato ta sami 134, NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe ta sami 81, abokiyar ƙawancenta NEPU ta Malam Aminu Kano ta sami 8, sannan AG ta Cif Obafemi Awolowo ta tashi da 73. Sauran kujeru 16 suka faɗa hannun 'yan indifenda da ƙananan ƙungiyoyi, irin su Mabolaje ta Badun da ƙungiyar Igala da ta Igbira da ta mutanen yankin Neja Delta.

Kafin a ce kwabo, 14 daga cikin 16 ɗin nan sun bi NPC, adadinta ya koma 148, biyu kuma suka bi AG. Abin lura a nan shi ne ko da wannan ƙari, NPC ba ta kai ga gaci ba, saura kujeru tara. Da NCNC da AG sun haɗa kai da magoya bayansu, da sun tara 164, sun kafa gwamnati babu jam'iyyar da ta fi ƙarfi a Arewa. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa Awolowo ya yi wa Azikiwe tayin ya zama firayim minista, shi kuma ya riƙe ma'aikatar kuɗi. Amma aikin da 'yan indifendan suka yi wa NPC shi ne sun nisanta ta daga sauran, har ya zama da wuya a ce za a tsallake ta. Gwamna Janar Sir James Robertson bai tsaya jiran a gama ciniki ba, ya kira Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. NCNC ta shiga, Cif Festus Okotie-Eboh ya ci gaba da riƙe ma'aikatar kuɗi, Azikiwe ya zama shugaban Majalisar Dattawa, daga baya a watan Nuwamban 1960 ya zama Gwamna Janar. NEPU kuwa sai ga ta a ɓangaren gwamnati ɗaya da jam'iyyar da take faɗa da ita a Kano dare da rana.

Adalci ne a faɗi cewa wannan gamin gambiza ya yi wa kasuwa rana. An karɓi mulki ranar 1 ga Oktoban 1960 ba tare da wani yanki ya ɓalle ba. Babban Bankin Nijeriya, wanda ya buɗe ƙofa a watan Yulin 1959, ya sami natsuwar kafa fam ɗin ƙasar. Kasuwar hannun jari ta Ikko ta fara ciniki a 1961. An ƙaddamar da shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968, jirgin ƙasa ya isa Maiduguri a 1964, an kuma soma madatsar ruwa ta Kainji a wannan shekarar. Masu gyaɗa da auduga da fata sun san wanda za su yi magana da shi.

To amma cinikin da aka ƙulla na rabon kujeru ne, ba na manufa ba. Ba a zauna an rubuta abin da za a yi idan buƙatar Arewa ta ci karo da ta Gabas ba, kuma ba a daɗe ba suka ci karo. Masana'antar narka ƙarfe da aka sa a cikin shirin raya ƙasa ta zama abin ja-in-ja, kowane yanki yana cewa a ƙasarsa za a kafa, har aka kai ga shawarar a raba ta biyu tsakanin Idah da Onica, daga ƙarshe ba a gina ko ɗaya ba. Wanda ya san halin da Ajakuta take ciki zai iya lissafa abin da wannan jinkiri ya jawo. Daɗin daɗawa, da rikicin AG ya ɓarke a 1962, 'yan majalisa suka yi ta sauya sheƙa har NPC ta sami rinjaye ita kaɗai, ba ta ƙara buƙatar abokiyar tafiya ba. Rigimar ƙidayar 1962 da 1963 ta ƙarasa abin da ya rage, zaɓen 1964 ya zo kowa ya kama gabansa, sojoji suka shigo ranar 15 ga Janairun 1966.

A 1979 an sake yin irin wannan, sai dai a ƙarƙashin tsarin shugaba mai cikakken iko. NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta sami kujeru 36 kacal daga 95 a Majalisar Dattawa, da 168 daga 449 a ta Wakilai, saboda haka ta ƙulla yarjejeniya da NPP, aka ba NPP kakakin majalisa da wasu ministoci. A watan Yulin 1981 aka raba gari, wasu ministocin suka gwammace su bar jam'iyya da su bar ofis. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa sun fi shan wuya. A zaɓen Janairun 1995 'yan adawa sun sami kujeru 43 daga 83, magoya bayan Shugaba Mahamman Usman suka tsaya a 40. Aka shekara guda ana zaman doya da manja tsakanin shugaban da firayim ministansa Hama Amadu, alhali an rage darajar sefa da rabi shekara ɗaya kafin nan, ma'aikata na bin bashin albashi, fataken Maraɗi da Damagaram ba su san inda aka dosa ba. Ranar 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya rufe taron.

Misalin da ya fi kamata 'yan kasuwa su yi wa karatun ta-natsu shi ne na Gana, domin a can mutum ɗaya tak ne ya riƙe ma'auni. A zaɓen 7 ga Disamban 2020, jam'iyyar NPP mai mulki ta sami kujeru 137, NDC ta adawa ita ma 137, kujera ta 275 kuma ta tafi ga Andrew Asiamah Amoako na mazaɓar Fomena a yankin Asante, mutumin da NPP ɗin ta kora don ya tsaya takarar indifenda. Wanda aka kora jiya shi aka koma ana lallashi. Ya amince ya zauna da NPP, aka saka masa da muƙamin mataimakin kakaki na biyu. Duk da haka ɗan NDC, Alban Bagbin, shi ya ci kujerar kakaki, bayan an kwana ana hayaniya har sojoji suka shiga zauren majalisa.

Rinjayen ƙuri'a ɗaya ba ya jure ko zazzaɓin mutum guda. A watan Nuwamban 2021 'yan adawa suka yi watsi da kasafin kuɗin 2022, bayan kwana huɗu ɓangaren gwamnati ya dawo ya ce an amince da shi, kowane ɓangare yana yanke hukunci a lokacin da ɗayan ya fice daga zaure. Tushen rigimar shi ne sabon harajin da gwamnati ta so ɗora wa masu tura kuɗi ta wayar hannu, kashi 1.75 cikin 100. A watan Disamba aka ba hammata iska a majalisa a kansa. Sai a ƙarshen Maris na 2022 aka zartar da shi, an rage shi zuwa kashi 1.5, aka fara karɓa a watan Mayu, kuɗin da ya kawo kuma bai kai ko kusa da abin da aka yi hasashe ba. Cikin waɗannan watanni kamfanonin da ke auna ƙarfin ƙasashe wajen biyan bashi suka rage darajar Gana, masu ba da rance suka rufe ƙofa, kuɗin sidi ya yi ta faɗuwa. A watan Yuli gwamnati ta nufi Asusun Ba da Lamuni na Duniya, a watan Disamba hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100, ƙasar kuma ta dakatar da biyan yawancin basussukanta na waje. Ba daidai ba ne a ɗora wa majalisar laifin duka. Bashin ya riga ya yi katutu, ga annobar korona, ga yaƙin Yukuren. Amma a daidai lokacin da ake buƙatar gwamnatin da za ta ce ga abin da zan yi ta kuma yi shi, ba a same ta ba, kuma mai shago a Nima da mai goro a zangon Kumasi su suka biya. Harajin da aka yi dambe a kansa ma an soke shi a 2025.

Akwai inda aka yi abin da kyau. A Ostireliya, zaɓen Agustan 2010 ya ba manyan ɓangarori biyu kujeru 72 kowanne daga 150. Aka kwana 17 ana tattaunawa, sannan 'yan indifenda uku da ɗan jam'iyyar kare muhalli ɗaya suka mara wa Julia Gillard baya. Bambancin shi ne an rubuta yarjejeniyar, an sa hannu, an buga ta kowa ya karanta. Sun yi alkawarin ba za su kayar da gwamnati ba, ba kuma za su hana kasafin kuɗi wucewa ba, amma a kan sauran dokoki kowa da ra'ayinsa. Abin da suka karɓa shi ma a fili yake: ayyukan kusan dala miliyan dubu 10 na kuɗin ƙasar ga yankunan karkara, da ofishin majalisa mai tantance kuɗin da alkawuran jam'iyyu za su ci. An yi ta rigima, ɗaya daga cikinsu ma ya janye a 2012, amma majalisar ta cika wa'adinta, kasafi bai taɓa maƙalewa ba.

Saboda haka ba kunnen doki ne ke kashe kasuwa ba, cinikin biri a sama ne. Ɗan indifenda zai nemi ladansa ko a fili ko a ɓoye. Idan a fili ne, zai nemi hanya ko asibiti ko kasuwa, a sa a kasafi, mai masana'anta ya gani ya yi lissafinsa. Idan a ɓoye ne, zai nemi kwangila ko lasisin shigo da kaya ko a yafe wa wani haraji, kuma wannan ɗan kasuwar da ba shi da uwa a gindin murhu shi ke biya.

A nan gida ba mu saba da rubutacciyar yarjejeniya ba. A 2015 Sanata Bukola Saraki ya hau kujerar shugaban Majalisar Dattawa da ƙuri'un 'yan adawa ba da son jam'iyyarsa ba, abin da ya biyo baya kuma kowa ya gani: kasafin 2016 sai a watan Mayu aka sa masa hannu, na 2017 da na 2018 sai a watan Yuni. Sashe na 82 na tsarin mulki ya yarje wa shugaban ƙasa ya ci gaba da kashe kuɗi har wata shida bisa ma'aunin bara, wanda ke tsare albashi, amma sabon aiki ba ya tashi, ɗan kwangila kuwa ruwan bashin banki ba ya jiransa. A 2023 ma APC ba ta kai kujeru 181 da ake buƙata daga 360 a Majalisar Wakilai ba, amma Tajuddin Abbas na Zariya ya zama kakaki da ƙuri'u 353. An rabu lafiya, sai dai ba a buga wa jama'a sharuɗɗan da aka yi sulhu a kansu ba.

Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Abuja da Kano da Kaduna, da ƙungiyar masu masana'antu, su kai wa kwamitocin gyaran tsarin mulki buƙatarsu a rubuce. Idan za a buɗe wa 'yan indifenda ƙofa, to a wajabta ajiye duk wata yarjejeniyar kafa gwamnati ko ta shugabancin majalisa a gaban majalisar, a kuma buga ta. A sa wa'adin kwanakin da za a kafa gwamnati bayan zaɓe. Ɗan indifendan da ya ci zaɓe ya kuma shiga jam'iyya, ya koma wa mazaɓarsa neman sabon izini, domin sashe na 68 da ya hana sauya sheƙa ya bar ƙofar “rabuwar kai a jam'iyya”, wadda kowa ke bi ya wuce.

Su kuma mutanen Karmo da Gwagwa da Idu su tuna cewa duk Yankin Babban Birnin Tarayya sanata ɗaya gare shi daga 109, da wakilai biyu daga 360. A majalisar da jam'iyya ɗaya ta cika, waɗannan ƙuri'u uku ba mai neman su. A zaɓen 2023 kuwa masu zaɓe a yankin sun ba jam'iyyar Leba kujerar sanata da ta wakilin Abuja da Bwari, alamar cewa a nan ne ɗan takarar da ba shi da babbar jam'iyya zai fi saurin samun shiga idan doka ta ba shi dama.