A Kai Shafin Ƙofar Dumi A Gwada

Akwai wata al'ada da ta fito daga Amurka wadda ya kamata mu masu koyon aikin malanta mu sa mata ido. A cikin 2007 wani saurayi, Andrew Hyde, ya tara mutane a garin Boulder don su ƙago sana'a sabuwa tsakanin Jumma'a da Lahadi, aka sa wa taron suna Startup Weekend. Yadda ake yinsa yanzu, kowa ya tashi ya faɗi dabararsa cikin minti ɗaya, a zaɓi waɗanda suka fi, a rarrabu ƙungiya ƙungiya. Wani yana rubuta wa kwamfuta umurni, wani yana zana fuskar shafin intanet, wani yana lissafin riba, har awa 54 ta cika, sa'an nan alƙalai su duba.

Ban raina wannan ba ko kusa, gama samari su kwana biyu a kan aiki ya fi zaman kashe wando. Abin da ke damuna shi ne wanda ake nuna wa aikin. Alƙalan nan masu ilmi ne, da Turanci a bakinsu da manyan wayoyi a aljihu. In shafi ya gamshe su, ba shi ne ya nuna zai gamshi tela a Ƙofar Dumi ba, wanda wayarsa ƙarama ce, gilashinta ya tsage, kuɗin datarsa kuwa a ƙidaye yake. Shi hoto mai nauyi bai buɗe ba ya rufe. In aka rubuta masa Hausa ba ƙugiya, ba zai rarrabe ƙafa da kafa ba sai ya tsaya ya yi tunani, mai ɗinki kuwa ba ya tsayawa.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta ɗungum, neman makaranta da neman aiki duk sun bi ta intanet. Uba da ya kasa gane shafi tilas ya biya mai shago ya cika masa takarda, in kuwa aka ɓata harafi ɗaya a sunan yaro, wahalar gyaransa sai wanda ya sha.

Maganin ba shi da tsada. Wani masani, Jakob Nielsen, ya rubuta a cikin 2000 cewa in ka zaunar da mutum biyar suka gwada shafi kana kallo, za ka ga yawancin aibinsa. To, ai wannan aikinmu ne! Mu aka koya wa cewa darasi bai shiga ba sai yaron da ke bencin baya ya iya maimaitawa, aka kuma hore mu kada mu fizge alli daga hannun yaro don ya yi jinkiri. Mai zanen shafi wannan haƙurin ne ya kan rasa, da ya ga mutum ya ruɗe sai ya miƙa yatsa ya danna masa.

Saboda haka shawarata, duk ran da aka shirya irin wannan taro a Bauchi, mu roƙi shugaban kwaleji ya bar waɗansunmu su shiga, kowace ƙungiya da malami ɗaya. Ran Asabar bayan la'asar a rufe kwamfutoci, a ɗauki aikin a waya a tafi Ƙofar Dumi. A nemi tela, da mai shayi, da dattijo ɗaya, da uwar gida in maigida ya yi izini, da yaro ɗan aji shida. A ba su wayar, mai zane ya sa hannuwansa a aljihu, malami ya rubuta inda kowa ya tsaya.