Yankari: Gina Masauki Ba Wuya, Riƙonsa Ne Aiki

Da zarar hunturu ya kama, makarantu suka tashi hutun ƙarshen shekara, sai ka iske masu hali suna ta neman inda za su kai iyali su sha iska. Waɗansu hankalinsu na Dubai, waɗansu na Masar, kamar dai a ce duk faɗin Nijeriya babu inda mutum zai je ya miƙe ƙafa. Alhali kuwa ga Yankari nan a Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauci, tafiyar 'yan awoyi kaɗan daga Jos ko Gombe.

Gwamnatin Jihar Arewa ta dā ita ce ta keɓe wannan daji a 1956 don kiyaye namun jeji, aka kuma buɗe shi ga 'yan kallo a watan Disamba na 1962. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, ta mai da shi gandun daji na ƙasa, sa'an nan a 2006 ya koma hannun Gwamnatin Jihar Bauci.

Matafiyi yakan biyo hanyar Bauci zuwa Gombe, ya ratse a Dindima, ya shiga ta ƙofar Mainamaji. Daga nan akwai sauran tafiyar kimanin kilomita 40 cikin daji kafin a kai masaukin Wikki, inda aka gina ɗakunan baƙi sama da 100, manya da ƙanana, gwargwadon ƙarfin aljihun kowa, da ɗakin cin abinci, da zauren taro, da ɗan gidan ajiye kayan tarihi.

Amma abin da ya fi jan hankalin baƙo shi ne maɓuɓɓugar Wikki, wadda ke kwance a gangaren masaukin. Ruwa ne garai-garai yake ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, ya malala tsawon kimanin mita 200, har mutum yana hangen yashin da ke ƙasansa. Ɗuminsa yana nan a awo 31 na ma'aunin zafi, dare da rana, rani da damina. Saboda haka a tsakiyar sanyin Janairu, lokacin da wanka ke gagarar mutane a gida, a Wikki sai an yi da gaske kafin a fitar da yara daga ruwa. Sai dai a yi hattara da gwaggon biri, don kuwa sun saba da mutane ƙwarai, wanda ya bar taga a buɗe ko ya saki ledar abinci, to, ya yi musu sadaka.

Da sassafe da kuma la'asar akan fita kallon dabbobi cikin mota tare da ɗan jagora. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, namun daji suka tattaru a bakin Kogin Gaji. Nan mai rabo yakan ga ɓauna, da gwanki, da gwambaza, da mugun dawa, da dorina, da kada, wani lokaci har da garken giwaye. Masu sha'awar tsuntsaye kuwa, an ƙididdige fiye da iri 350 a cikin dajin. Ga kuma kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey, waɗanda ke shaida cewa mutane sun zauna a wurin tun zamanin dā.

To, a nan fa gizo ke saƙa. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta nuna giwaye kusan 350 a Yankari. Daga baya masana suka ƙiyasta sun ragu zuwa tsakanin 100 da 150, galibi saboda ɓarnar mafarauta masu neman haure. Har wa yau ga matsalar shigar shanu cikin gandun, ga kukan manoman ƙauyukan kewaye waɗanda giwaye ke cinye wa amfanin gona. A 2014 Gwamnatin Bauci ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar WCS mai kiyaye namun daji don a ƙarfafa sintirin masu gadi, kuma kisan giwaye ya ragu ƙwarai bayan haka. Wannan ya nuna cewa cutar tana jin magani, in an tsaya mata.

Dalilin da ya sa ya kamata a tsaya ɗin kuwa a fili yake ga duk wanda ya san tarihin manyan masaukan ƙasar nan. Otal ɗin Tafkin Bagauda da Gwamna Audu Bako ya gina a Jihar Kano ya taɓa zama wurin shaƙatawar manya, amma ya daina karɓar baƙi, harabarsa ta zama Makarantar Horar da Lauyoyi. Otal ɗin Durbar na Kaduna, wanda aka gina don bikin FESTAC na 1977, ya shekara da shekaru a rufe cikin shari'a, har aka rushe shi a 2020. Babu ɗaya daga cikinsu da rashin kyan gini ya kashe. Abin da yakan kashe irin waɗannan wurare shi ne famfon da ya lalace ba a gyara ba, da injin wutar da babu mai, da ma'aikacin da ya yi wata da watanni yana jiran albashi.

Yankari ta fi su haɗari ta fuska guda. Otal in ya rushe ana iya sake gina shi cikin shekara biyu, amma giwa takan yi wata 22 da ciki kafin ta haifi ɗa guda. Garken da ya ƙare, babu ɗan kwangilar da zai maido shi. Ranar da baƙo ya daina sa ran ganin giwa, ɗakunan Wikki sun rasa rabin dalilin zuwansu.

Saboda haka hakki ya rataya a wuyan kowa. Gwamnati ta ware wani kaso tabbatacce daga kuɗin shiga don gyaran ɗakuna da hanya da biyan masu gadin daji a kan kari. A riƙa ɗaukar 'ya'yan ƙauyukan kewaye aiki, a sayi kayan abinci daga gare su, don su ga cewa giwa mai rai ta fi musu amfani. Magidanta da shugabannin makarantu su kuma su sa Yankari cikin lissafin hutun bana, gama kuɗin baƙo shi ke riƙe masauki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na Bagauda da na Durbar sun riga sun ƙone.