Turanci Da Sinanci A Bakin Ɗan Yaye: Ina Aka Baro Harshen Uwa?

'Yan uwa matasa, a ƙarshen shekarar 2025 mahukuntan ilimi a Nijeriya sun yanke hukunce-hukunce guda biyu waɗanda duk mai ƙane ko ɗa a gida ya kamata ya dube su da idon basira. A watan Satumba aka shelanta a Abuja cewa an shigar da Sinanci, wanda ake kira Mandarin, cikin manhajar manyan makarantun sakandare, a jerin harsunan waje da ɗalibi zai iya zaɓa. A watan Nuwamba kuma Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya miƙe a wani taro da British Council ta shirya a Abuja, ya ce gwamnati ta soke tsarin koyarwa da harshen uwa, Turanci ne harshen koyarwa tun daga makarantar renon yara, wato nazare, har zuwa jami'a. Wato an buɗe wa baƙon harshe ƙofa, an kuma kori ɗan gida ta taga.

Tun kafin wannan, wasu makarantun kuɗi na Legas da Abuja sun daɗe da sanya Sinanci cikin tallarsu, suna yi wa iyaye romon baka cewa wai ɗan shekara uku zai tashi da manyan harsunan duniya biyu a bakinsa. Kowa kuwa ya san yadda yayi yake tafiya a ƙasar nan: ya fara daga Legas da Abuja, ya gangaro Kaduna da Kano, kafin a ankara ya iso Gusau, har mai abin hannu na Furfuri ko Bungudu ko Tsafe ya fara jin kunya idan nasa ɗan bai shiga ba. Don haka tun kafin allunan talla su cika bakin titi, wajibi ne a faɗi gaskiya: yaro da harshen uwarsa yake fara fahimtar duniya, a kansa ya kamata a ɗora tubalin karatunsa, baƙon harshe kuma ya biyo baya.

Hujjar da Ministan ya kawo ita ce wai ɗalibai suna faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi koyarwa da harshen uwa. To, a yi lissafi mana! Majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da tsarin ne a ƙarshen Nuwamban 2022, zamanin da Malam Adamu Adamu yake Ministan Ilimi. Yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare bayan wannan rana bai wuce aji uku ba lokacin da aka soke tsarin, kuma shekara 12 ake yi tsakanin shiga firamare da rubuta WAEC. Ta yaya tsarin da 'ya'yansa ba su gama firamare ba zai kayar da 'yan aji shida na sakandare? In ma an ce ana nufin tsohuwar manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, wadda ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa, sai a tambaya: littattafan lissafi da kimiyya na Hausa nawa gwamnati ta buga ta kai makarantun ƙauyukan Zamfara? Malamai nawa ta horar? An hana doki dusa, sannan an ɗora masa laifin rashin gudu.

Shi kuwa harshen uwa an gwada shi a ƙasar nan, ba a wata uwa duniya ba. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuma yana matsayin darasi guda a hannun ƙwararren malami. Da aka gwada su da takwarorinsu da aka juya wa karatu zuwa Turanci tun da wuri, sai 'yan Yarbancin suka yi zarra, kuma ko a Turancin ba a bar su a baya ba. Hukumar UNESCO ma tun 1953 ta fitar da rahoto mai goyon bayan fara karatu da harshen uwa. Dalilin a fili yake. Yaron da aka ce masa "ɗauki tsakuwa uku ka ƙara biyu" aiki ɗaya ne a gabansa, shi ne lissafi. Wanda aka faɗa wa haka da harshen da bai taɓa ji a gidansu ba aiki biyu ne a kansa, kuma mafi yawa sai ya saki fahimta ya kama hadda irin ta aku.

Masu son wannan yayi sukan ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ƙwaƙwalwar yaro tana ɗaukar harsuna da yawa. Wannan gaskiya ce, amma ba a cika ta ba. Ɗan Fulanin da ke rugagen Bungudu yana tashi da Fulatanci da Hausa ba tare da an biya ko sisi ba, domin yana jin su safe da yamma a bakin masu su, a gida da kasuwa da wurin kiwo. Wa zai yi wa ɗan Furfuri Sinanci safe da yamma? Sinanci harshe ne mai karin sauti huɗu, kalma guda tana sauya ma'ana da sauyin murya, rubutunsa kuma ba baƙaƙe ashirin da 'yan kai ba ne, alamomi ne dubbai. Ɗan ƙasar Sin da kansa ana bukatar ya gane alamomi wajen 3,000 kafin ya gama firamare, alhali yana jin harshen tun yana goye. Abin da makarantar kuɗi za ta iya bayarwa bai wuce gaisuwa da ƙirga ɗaya zuwa goma da 'yan waƙe-waƙe ba, sai kuma ƙarin kuɗin makaranta a wuyan uba.

Abin mamaki, su Sinawan ba haka suke yi wa nasu 'ya'yan ba. A 2018 ma'aikatar ilimi ta ƙasar Sin ta fitar da umarnin hana makarantun renon yara koyar da darussan firamare, har da Turanci. A tsarinsu na ƙasa, a aji uku na firamare ake fara darasin Turanci, lissafi da kimiyya kuwa da Sinanci ake koyar da su. Da harshensu suka ƙera jirgin ƙasa da wayar hannu da injin ban ruwa da ake sayarwa a kasuwar Gusau. Da suka tashi neman kunnen Bahaushe kuma, sai suka buɗe sashen Hausa na Rediyon Sin tun 1963, suka horar da manyan ɗalibai a jami'a su koyi Hausa, kamar yadda Ingila ta buɗe sashen Hausa na BBC a 1957. Ba su kwashi 'yan yayensu sun ɗura masu Hausa ba. Kowace ƙasa mai hankali tana gina ɗanta da harshenta, sannan ta zaɓi wasu su koyo na wasu don biyan bukatarta.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ƙasar Singafo ita ce cibiyar wannan tsari na Turanci da Sinanci tun daga renon yara. A 1979 Firayim Ministanta Lee Kuan Yew ya ƙaddamar da gangamin a riƙa magana da Mandarin a bar harsunan gida irin su Hokkiyen da Kantonis. Sakamakon shi ne aka samu jikoki da ba sa iya doguwar hira da kakanninsu, sannan shi kansa Mandarin ɗin Turanci ya danne shi, domin ƙidayar 2020 ta nuna Turanci ne harshen da aka fi yi a gidajen ƙasar. Wannan fa ƙasa ce mai arziki da ƙwararrun malamai. A yankin Shinjiyan na ƙasar Sin kuwa, da sunan "ilimin harshe biyu" aka ture harshen Musulmin Uygur daga azuzuwa, tun daga na renon yara, aka maye gurbinsa da Mandarin. A can hukuma ce ta tilasta. A nan kuwa uba ne zai ɗauki kuɗin guminsa ya biya a raba ɗansa da harshen kakanninsa!

Tun yanzu ma ana ganin alamar cutar. Sau nawa aka ci tarar yaro ko aka zane shi a makaranta don ya yi Hausa, wai ya yi "banakula"? Me ake dasawa a zuciyar ɗan shekara huɗu in an nuna masa harshen da uwarsa take yi masa addu'a da shi laifi ne? Irin wannan yaro yakan tashi Turancin bai nuna ba, Hausar kuma ba ya iya rubuta wasiƙa da ita, ya ga tsohuwa mai tatsuniya da malamin zaure duk a matsayin 'yan ƙauye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kada wani ya ce ana hana neman harsuna ne. Musulunci bai taɓa hana wannan ba. Manzon Allah (S) da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu, amma Zaidu saurayi ne a lokacin, Larabcinsa ya zauna, ya kuma haddace surori masu yawa. Maganar nan ta neman ilimi har ƙasar Sin da 'yan talla suke yawan jawowa kuwa, malaman hadisi irin su Ibnu Hibban da Ibnul Jauzi sun ce ba ta inganta ba, kuma ko da ta inganta, ai baligi ne yake tafiya neman ilimi, ba ɗan goye ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma da Hausa da Fulatanci ya isar da saƙo ga talakawa duk da zurfinsa a Larabci. 'Yarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta karantar da matan karkara da harshen da suke ji. Wannan shi ne gadon da aka bar wa Zamfarawa.

Bukatar masu jin Sinanci kuwa tabbas akwai ta. 'Yan kasuwar Kantin Kwari suna zuwa birnin Gwanzu saro kaya, masaƙar Gusau ta daɗe da mutuwa, atamfar Sin ta cika kasuwa. A Afrilun 2020 'yan sanda sun kama 'yan ƙasar Sin biyu a Ƙaramar Hukumar Bukkuyum bisa zargin haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, shekara guda bayan gwamnatin tarayya ta hana haƙar a jihar. Jihar da zinarenta yake jan hankalin baƙi tana bukatar lauyoyi da injiniyoyi da tafintoci 'yan ƙasa masu iya karanta yarjejeniya da Sinanci da Turanci, don kada a sayar da ita tana kallo. Amma irin waɗannan a sakandare da jami'a ake samar da su. Akwai cibiyoyin Confucius masu koyar da Sinanci a Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka tun 2008 da Jami'ar Legas tun 2009. Saurayin da ya ga zai iya, ya je ya koyo da hankalinsa da aƙidarsa, ya dawo ya amfani jama'arsa.

Sannan a dubi halin da ake ciki. Wannan ita ce jihar da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010. Ita ce aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, aka kuma kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu, a Satumban 2023. A wannan shekarar ce Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Yaron ƙauye yana neman aji mai rufi, da malami mai zuwa aiki, da hanyar da zai bi ya dawo gida lafiya. Maƙwabta 'yan Nijar, a 2025, sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, suka mayar da Faransanci harshen aiki. A shekarar da Maraɗi ta ga an ɗaga darajar Hausa, a ita aka ce wa ɗan Gusau ya ajiye tasa a ƙofar aji.

Saboda haka, ya ku matasa, aiki yana wuyanku, domin ku ne yayyen yau kuma iyayen gobe. Duk wanda za a kai ƙanensa ko ɗansa nazare, ya je da kansa ya tambayi mai makarantar: da wane harshe ake yi wa yara bayani? Ana dukan yaro don ya yi Hausa? In ana tallar Sinanci, wane ne malamin, a ina ya koya, awa nawa yake yi a mako? Masu koyarwa a Islamiyyu su ware lokaci su koya wa yara karatu da rubutun Hausa, na boko da na ajami, tare da Alƙur'ani da Larabci. A kai maganar tarukan iyaye da malamai, a kai ta ga 'yan majalisar jiha, a nemi a buga littattafan Hausa na lissafi da kimiyya don ƙananan azuzuwa, a kuma koyar da Turanci a matsayin darasi a hannun wanda ya iya shi. Wanda Allah Ya hore wa kuɗin makarantar yayi, ya san cewa rabin kuɗin zai sayi allo da littattafai ga yaran unguwa guda.

Allah Ya shirya zuriyar Musulmi, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya dawo da zaman lafiya ƙasar Zamfara. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.