Ƙidayar Macizai da Kwaɗi: Rabon Tambuwal da Kebbe

Masu binciken macizai, ƙadangaru da kwaɗi a Afirka ta Yamma sun fi ɗora ido a kan dazuzzukan tsaunuka, irin Ngel Nyaki da ke Mambila da tsaunin Oku na Kamaru. Suna da hujja: tsauni yakan keɓe halitta har ta zama babu irinta a ko'ina, kamar kwaɗon nan da ba a samunsa sai a tafkin Oku kaɗai. Sai dai wannan hujja ta sa an bar filayen Arewa a baya, alhali a nan ne rashin sanin ya fi cin rai.

Tambuwal da Kebbe ƙasar noma ce da kiwo, mai fadamu da tafkuna irin na Romo. Manomin da ke shiga gona da silifa da makiyayin da ke ratsa ciyawa da asuba su ne ke cin karo da kububuwa, kasa da gamsheƙa. Dafin waɗannan ba ɗaya ba ne. Na kububuwa yana hana jini daskarewa, na gamsheƙa kuwa yana ruɓar da nama. Maganin dafi ana haɗa shi ne da dafin wasu macizai takamaimai, shi ya sa wanda aka yi domin macizan Indiya yakan gaza a kan kububuwar Afirka ta Yamma. Asibitin da bai san macizan yankinsa ba yana sayen magani ne bisa kirdado.

Kwaɗi ma suna da nasu saƙon. Fatarsu tana shan abin da ke cikin ruwa, don haka raguwarsu a fadama kan zama gargaɗin farko cewa maganin feshi ya yi yawa.

Za a ce aikin na da tsada, kuma tsaro ya taɓarɓare a dazuzzukan yankin. Gaskiya ne, amma kayan aikin ba su wuce fitila, bokitan da ake binnewa a ƙasa, kyamara da na'urar naɗar kukan kwaɗi a farkon damina ba. Ana iya farawa daga fadamun bakin gari. Mafarauta da masunta sun riga sun san inda damo da guza ke kwana; abin da ya rage shi ne a rubuta iliminsu, a tantance shi.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta ƙudurta rage mace-macensa da rabi zuwa 2030. Kaltungo a Jihar Gombe ta zama cibiyar jinyar saran maciji domin an san macijin da ke addabar yankin. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ma'aikatar lafiya ta Jihar Sakkwato na iya haɗa kai su samar wa Tambuwal da Kebbe irin wannan sani, gunduma bayan gunduma.