Sunan da Ke Kan Faifai Ba Hujja Ba Ne

Duk wanda ya ɗauki tsohon faifan jaz, ko ya buɗe kundin da ke jera kiɗe-kiɗen Amurka na farkon ƙarni na 20, zai ga suna a ƙarƙashin kowane kiɗa. Mai gabatarwa a rediyo ya karanta shi, marubuci ya kwafe shi, har ya zauna a zukata cewa mai sunan nan ne ya ƙago kiɗan. Ni ban yarda ba. Abu ɗaya tak sunan yake tabbatarwa, wato wanda ya riga kai takarda ofishin rajista a Washington. Takardar fili tana nuna wanda ya je ofis, ba ta nuna wanda ya sare dajin.

Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909 rubutu ta sani. Sai ka zana kiɗa da alamominsa a takarda ka aika, kafin ya zama naka. Sautin da aka ɗauka a faifai kuwa bai samu kariyar dokar tarayya ba sai 1972. A New Orleans makaɗa da yawa da ka suke koyo, da ka suke riƙewa. Kiɗa yakan shekara goma yana yawo daga gidan rawa zuwa jerin gwanon jana'iza, wannan ya ƙara masa gaɓa, wancan ya sauya masa suna. Ranar da wani mai alƙalami ko mai kuɗin hayar alƙalami ya ji shi, ranar ce doka take kira ranar haihuwarsa.

Faifan da aka fi ɗauka a matsayin na farko a tarihin jaz ma da rigima ya fito, gaba da baya. Ranar 26 ga Fabrairu 1917 wasu Turawa biyar, Original Dixieland Jass Band, suka shiga ɗakin kamfanin Victor a New York suka ɗauki "Livery Stable Blues". Faifan ya yi kasuwa, sai ga tsohon abokin busarsu Alcide Nunez da Ray Lopez sun riga sun yi wa kiɗan rajista da sunansu. Nick LaRocca, jagoran ƙungiyar, ya ce nasa ne. Aka je kotu a Chicago gaban Mai Shari'a George Carpenter. Bayan ya saurari kowa, ya ce babu wanda ya tabbatar shi ya ƙago shi, don haka ba na ɗayansu ba ne. A ɗaya fuskar faifan akwai "Dixie Jass Band One-Step", wanda aka tarar da gaɓa guda a cikinsa daga "That Teasin' Rag" na Joe Jordan, baƙar fata, bugun 1909. Dole aka sake rubutun faifan aka ambaci kiɗan Jordan. Da Jordan bai riga ya buga nasa a takarda ba, wa zai saurare shi?

"Tiger Rag" ya fi kowanne ɗaure kai. Rajistar 1917 ta ba mutanen LaRocca. Tsoffin makaɗan New Orleans sun ce sun san shi tun kafin nan da wasu sunaye, har da na Jack Carey, mai busa a garin. A 1938 Jelly Roll Morton ya zauna gaban fiyano a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, Alan Lomax yana ɗauka, ya nuna yadda a cewarsa ya juyo kiɗan daga wata tsohuwar rawar Faransawa. A nan masu adawa da LaRocca sukan yi murna su ce an gano mai kaya. Su ma sun yi gaggawa. Morton gwani ne na gaske, amma cika baki sana'arsa ce ta biyu. A wannan shekarar ya rubuta wa Robert Ripley, mai wani shirin rediyo, wasiƙa yana cewa shi ya ƙirƙiri jaz a 1902, lokacin da takardar baftismarsa ke nuna bai wuce shekara 12 ba. Cire suna ɗaya a dasa wani ba gyara ba ne in ba hujja.

Akwai kuma masu sauƙaƙa labarin su ce Turawa ne suka yi wa baƙar fata sata, shi ke nan. An yi satar, kuma launin fata ya yanke wanda ƙofar kamfani za ta buɗe wa. Walter Melrose, mai buga kiɗa a takarda a Chicago, yakan liƙa wa kiɗan Morton baitoci don ya samu kaso, kuma sunan Irving Mills, manajan Duke Ellington, ya hau kan kiɗe-kiɗen Ellington masu yawa. Amma Armand Piron, wanda sunansa ke kan "I Wish I Could Shimmy Like My Sister Kate", ba Bature ba ne, kuma Louis Armstrong ya yi ta faɗa cewa kiɗansa ne ya sayar ba a biya shi ba. "Muskrat Ramble" na 1926 yana ɗauke da sunan Kid Ory. Armstrong ya ce shi ya tsara shi, Sidney Bechet kuma ya ce tsohon kiɗa ne tun zamanin Buddy Bolden, wanda aka kai asibitin masu taɓin hankali a 1907 bai bar faifai ko ɗaya da ya iso mu ba. Mai takarda ne ya ci marar takarda, ko da fatarsu ɗaya.

Za a ce mini rubutawa ma aiki ne, kuma ba don masu rubutun ba da kiɗan ya ɓace. Haka ne, kuma ban ce kowane suna ƙarya ba ne. W. C. Handy bai ɓoye cewa daga bakin talakawan Mississippi ya tsinci abubuwa ba, kuma ginin "St. Louis Blues" na 1914 aikin hannunsa ne. Shi kansa an cuce shi, don ya sayar da "Memphis Blues" a kan kuɗi kaɗan. "Maple Leaf Rag" na 1899 kuwa kusan babu mai ja cewa na Scott Joplin ne. Amma Joplin ɗin ne ya rushe uzurin masu cewa ai haka zamanin yake. Louis Chauvin, matashin gwanin fiyano daga St. Louis, bai damu da rubuta kiɗansa ba. Joplin ya ɗauki gaɓoɓi biyu nasa, ya ƙara biyu, aka buga "Heliotrope Bouquet" a 1907 da sunansu su biyu. Shekara ta zagayo Chauvin ya mutu. Abin da Joplin ya iya, sauran ma sun iya, ba su so ba ne.

Wani lokaci ma sunan gaskiya ne, amma ba ya amsa tambayar. "High Society" kiɗan badujala ne da Porter Steele ya yi wa rajista a 1901. Abin da masu jaz suke jira a cikinsa shi ne doguwar busar kilarinet da Alphonse Picou ya shahara da ita, wadda ta zama jarrabawar duk mai son a kira shi mabushi a New Orleans. Ita kuma an samo tushenta a sashen ƙaramar sarewa cikin tsarin da Robert Recker ya yi wa kiɗan. To wa ya ƙago abin da kunne yake ji?

Shaidu ba su ɓace ba. Takardun shari'ar Chicago suna nan, faya-fayan Lomax suna nan, ga hirarrakin tsoffin makaɗa da Jami'ar Tulane ta fara tarawa a 1958. Suna saɓa wa juna, kuma saɓanin ne ya kamata mai kundi ya buga. Ya rubuta "wanda ya yi rajista" inda rajista kaɗai ya sani, ya jera sauran masu da'awa a ƙasa. Ya fara da "Mood Indigo" na 1930, mai ɗauke da sunayen Ellington da Mills da Barney Bigard, alhali Bigard da bakinsa ya ce karin daga malaminsa Lorenzo Tio ya samo shi.