Adon Da Ke Rufe Wa Likita Ido

Amma ba'adu, ga wani al'amari da ya wajaba malamai da fatake su sani, domin ya shafi rayukan iyalinsu. A shekarar 1962 likitoci biyu, Cronin da Gerow, suka fara dasa jakar silikon a ƙirjin mace a birnin Houston na Amurka. Tun daga nan aikin ƙara girman mama ya bazu cikin duniya. Wasu mata asibiti suke zuwa, wasu kuwa allura ake yi musu a ɗaka.

Sankarar mama ita ce ta fi kowace sankara kama mata a Nijeriya, kuma maganinta ya fi ci idan an gano ta tana ƙarama. Ana nemanta da wani hoto da ake kira mamogiram. To, hasken hoton nan ba ya ratsa silikon. Jakar takan fito fari fat ta tsare naman da ake son gani, kamar tawada ta zube bisa allo ta rufe rubutu. Allura kuwa ta fi muni, domin ruwan yakan watsu ya yi gudaji masu kama da cutar. Haka nan kitsen da ake ɗebowa daga ciki a zuba a mama, wani sashensa yakan mutu ya daskare. Sai likita ya shiga ruɗu, ko ya zargi lafiyayyen nama, ko cutar ta ɓuya har ta yi nisa.

Likitoci ba su rasa dabara ba. A 1988 likita Eklund ya bayyana hanyar tura jakar baya a jawo nama gaba, a ɗauki hoto 8 maimakon 4. Akwai kuma na'urar MRI mai gani inda hoton farko ya kasa. Amma duk wannan sai an sanar da ma'aikata tun kafin a fara.

Saboda haka kunya ba ta da muhalli a gaban likita. Wadda aka yi wa aikin ta faɗi abin da aka sa mata da shekarar da aka sa. Miji kada ya hana matarsa zuwa gwaji. Malamai su faɗakar a majalisunsu cewa jiki amana ne. Ɗan kasuwa kuma ya ji tsoron Allah, ya bar sayar da allurar da bai san abin da ke cikinta ba.

Allah Ya tsare mata da cutar nan, amin. Haza wassalam.